Tsofaffin waƙoƙin Indiya: Manzon masoyan da nisa ya raba

Duk wanda ya saba bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ko kuma ya taɓa kwana a tashar manyan motoci yana jiran takardun duwan su fito, ya san akwai wani sauti da ba a rasa shi a irin waɗannan wurare idan dare ya yi, hayaniyar ciniki ta lafa. Wata siririyar muryar mace ce, ko ta namiji mai taushi, take tasowa daga salular direban da ya shimfiɗa tabarma a gindin motarsa, ko daga rumfar mai shayi, ko daga shagon ɗan canji da ke ƙidayar abin da ya rage masa na sefa da naira. Waƙar Indiya ce, kuma ba irin ta yaran yanzu mai tsalle-tsalle ba, ta dauri ce, wadda sau da yawa an rera ta tun kafin a haifi mai saurarenta.

Mutane da dama sun ɗauka shagala ce kawai irin ta masu son fim. Mu kuwa da muka bi diddigin waɗannan waƙoƙi, sai muka tarar cewa kaso mai yawa na waɗanda suka fi shiga rai ba sa maganar haɗuwar masoya, maganar rabuwa suke yi: wani ya tafi, wani yana jira, an aika saƙo, ana dakon amsa. Mutanen da suka baro gida ne suka rubuta su, domin mutanen da suka baro gida. Shi ya sa ɗan kasuwar da ya bar iyali a Madawa ko Tasawa ya yi wata biyu a Kwatano yana jiran mota ta fito daga tashar jirgin ruwa yake jin kamar da shi ake, ko da kuwa bai san kalma goma ta harshen Hindi ba.

Ƙasar da ta san zafin ci-rani

Waƙar kewa ta girmi fim nesa ba kusa ba a ƙasar Indiya. Fiye da shekara 1,500 da suka wuce, wani shahararren mawaƙinsu mai suna Kalidasa ya tsara doguwar waƙa da ake kira Meghaduta, wato girgije ɗan aike. Labarin wani bawa ne da ubangidansa ya kore shi zuwa wani dutse mai nisa har tsawon shekara guda, da damina ta faɗi ya ga girgije zai yi arewa, sai ya roƙe shi ya kai wa matarsa saƙo, har yana kwatanta masa hanya gari bayan gari, kamar yadda ake yi wa sabon direba kwatance. Haka zalika matan karkara a arewacin ƙasar suna da waƙoƙin da ake kira barahmasa, ma'ana wata goma sha biyu, inda mace ke bin watannin shekara ɗaya bayan ɗaya tana faɗin yadda kowane wata ya same ta ba mijinta a gida.

Daga baya sai ci-rani na gaske ya zo. Daga shekarar 1834 har zuwa wajen 1917, Turawan Ingila sun kwashi Indiyawa sama da miliyan ɗaya zuwa gonakin rake a Morishiyas da Fiji da Tirinidad da Afirka ta Kudu, da yawansu ba su sake ganin gida ba. Wasu kuma suka riƙa gangarawa Kalkata neman aiki a masaƙu da tashar jiragen ruwa. Wani wanzami ɗan jihar Bihar, Bhikhari Thakur, wanda shi ma ya yi ci-rani, ya yi suna da wasan kwaikwayonsa mai suna Bidesiya, a kan mijin da ya tafi Kalkata ya bar amarya a ƙauye, can kuma ya samu wata. Ba sai mun yi wa mai karatu dogon bayani ba, irin wannan labari ba baƙo ba ne a garuruwanmu.

Sa'annan aka zo shekarar 1947, da aka raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Sama da mutum miliyan 10 ne suka bar gidajensu suka ƙetare sabuwar iyakar da aka shata, dangi suka warwatse, alkawuran aure suka tarwatse. A daidai wannan lokaci ne harkar fim ta birnin Bombai, wanda yanzu ake kira Mumbai, take tashe, kuma kusan duk waɗanda suka gina ta baƙi ne a garin. Naushad, mai tsara kiɗa, daga Laknau ya zo a 1937, har kwana ya yi a bakin titi kafin ya samu shiga. Mohammed Rafi ɗan wani ƙauye ne kusa da Amritsar, ya tashi a Lahor, ya iso Bombai a 1944. Mukesh daga Delhi ya zo. Shailendra, marubucin waƙoƙin Raj Kapoor, ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Anand Bakshi kuwa, wanda ya rubuta dubban waƙoƙi, haifaffen Rawalpindi ne, rabuwar ƙasa ta kore su daga gida, ya kuma yi aikin soja, wato ya ɗanɗani jiran wasiƙa a bariki da kansa. Idan irin waɗannan mutane suka zauna rubuta waƙar kewa, ba aron bakin kowa suke yi ba.

Daga tarho zuwa tattabara

Abin da ya fi ba mu sha'awa shi ne yadda waƙoƙin suka riƙa bin hanyoyin aika saƙo na kowane zamani. A fim ɗin Patanga na 1949 akwai wata waƙar raha da Shamshad Begum ta rera tare da C. Ramchandra, inda miji ya tafi Rangun ta ƙasar Bama, ya bugo wa matarsa tarho tana Dehradun, kowa yana faɗin irin kewar da yake yi. A tuna fa, a wancan lokaci buga tarho daga wata ƙasa zuwa wata sai an yi rajista a gidan waya an zauna jira, wani zubin na sa'o'i, sa'annan a haɗa ka na ƴan mintoci kana ɗaga murya. Saboda haka samun kira daga Rangun abin a yi masa waƙa ne. A Mughal-e-Azam na 1960 kuwa, inda Dilip Kumar ya fito a yarima, Madhubala kuma a baiwar fada, nisan ba na hanya ba ne, na matsayi ne, suna gida ɗaya amma sai a cikin furen bado suke ɓoye takarda su sako ta a magudanar ruwan fada.

Sangam na 1964 ya fi kowanne nuna cewa wasiƙa wuƙa ce mai baki biyu. Raj Kapoor ya fito a matuƙin jirgin yaƙi da ya tafi bakin daga ya bar wa amininsa amanar yarinyar da yake so. Aka kawo labarin ya mutu. Aminin, wanda da ma ya daɗe yana ɓoye son yarinyar, sai ya rubuta mata wasiƙar soyayya bai sa hannu ba, Rafi ne ya rera waƙar wasiƙar. Ashe mutumin yana raye. Ya dawo, aka ɗaura musu aure, bayan an zauna lafiya sai tsohuwar takardar nan ta faɗo hannunsa, gida ya rikice, daga ƙarshe har rai ya salwanta. Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya ya dawo ya tarar da tsegumi yana jiransa a ƙofar gida zai gane abin da fim ɗin ke nufi.

Da man fetur ya buɗe ƙasashen Larabawa a shekarun 1970, Indiyawa suka yi ta tururuwa zuwa Dubai da Saudiyya da Kuwait, waƙa ma ta bi su. A fim ɗin Naam na 1986, Sanjay Dutt, wanda ƴan kallo a Kano suka laƙaba wa Ɗan Daba Mai Lasin, ya fito a saurayin da iyalinsa suka haɗa kuɗi da ƙyar suka tura shi Dubai, ashe bizar ta jabu ce, ya faɗa hannun ƴan fasa-ƙwauri. A cikin fim ɗin ne Pankaj Udhas ya zauna gaban taron ƴan ci-rani ya rera waƙar wasiƙar da ta zo daga gida, wadda Anand Bakshi ya rubuta. Ba wasiƙar budurwa kaɗai ba ce, ta gida ce dungurungum, da tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, da uwa, da matar da aka bari, kuma abin da take ce wa ɗan ci-rani a taƙaice shi ne kuɗin da yake aikowa ba su cike gurbinsa ba. Pankaj Udhas ya rasu a watan Fabrairun 2024, kuma a duk inda aka ba da labarin rasuwarsa sai an ambaci wannan waƙa.

Wanda ya fi shahara a wajenmu, ba shakka, shi ne Maine Pyar Kiya na 1989, na Salman Khan da Bhagyashree, mai farar tattabarar nan da ke kai wasiƙa, da muryar Lata Mangeshkar. Mutane kan manta cewa tushen labarin ma ci-rani ne: uban yarinyar makaniki ne da ya tafi Dubai neman kuɗi ya bar ta amana a gidan abokinsa mai arziki. Sai kuma Border na 1997, a kan yaƙin 1971, inda sojoji ke karɓar wasiƙu a bakin iyaka, kowace wasiƙa da tambaya guda a cikinta, wato ranar dawowa.

Ministan da ya hana, da rediyon da ya ci riba

Sai dai fim ba kullum ake ganinsa ba, kuma garmaho sai gidan masu hali. Abin da ya mayar da waɗannan waƙoƙi saƙo na gaske tsakanin mutum biyu shi ne rediyo, kuma wani minista ne ya jawo hakan ba da niyya ba. A 1952 B. V. Keskar ya zama ministan watsa labarai na Indiya. Shi a ganinsa waƙoƙin fim shirme ne da ke ɓata kunnen jama'a, sai ya taƙaita sa su a gidan rediyon gwamnati, ya ce a koma kiɗan gargajiya na ainihi. Kamar yadda kowane ɗan kasuwar iyaka ya sani, idan aka hana kaya shiga ta ƙofa alhali ana bukatarsu, to, za su shigo ta bayan gida. A tsibirin Silon, wato Siri Lanka ta yau, akwai manyan na'urorin watsa shirye-shirye da sojojin Ingila suka bari bayan yaƙin duniya na biyu. Rediyo Silon ya buɗe sashen Hindi na kasuwanci, a wannan shekara ta 1952 kuma aka fara shirin Binaca Geetmala, wanda wani kamfanin man goge baki ya ɗauki nauyinsa, wani matashi mai suna Ameen Sayani yake gabatarwa. A Bombai ake naɗar shirin, a sa faifan a jirgin sama zuwa Kolombo, daga can a watso shi ya dawo Indiya duk ranar Laraba da ƙarfe 8 na dare. An ce shirin farko kaɗai ya jawo wasiƙu wajen 9,000, daga baya suka koma dubbai goma-goma a mako.

Gwamnati ta ga ba sarki sai Allah, a 1957 ta buɗe tashar Vividh Bharati domin waƙoƙin fim. A nan ne shirye-shiryen zaɓe suka bunƙasa: mutum ya aiko kati da sunan waƙar da yake so, a karanta sunansa da na garinsu da na waɗanda yake gaisarwa. Aka ware wa sojoji nasu shirin mai suna Jaimala, wanda wani lokaci taurarin fim da kansu ke zuwa su gabatar. Sojan da ke kan dutsen ƙanƙara a Kashmir da matarsa da ke wani ƙauye a Panjab sun san ranar da lokacin, kowa ya kunna akwatinsa, su ji waƙa ɗaya a minti ɗaya. Ba su ga juna ba, ba su ji muryar juna ba, amma kowa ya san ɗayan yana saurare.

Akwai wani ɗan gari mai suna Jhumri Telaiya, a jihar Jharkhand ta yanzu, inda a da ake haƙar wani dutse mai walƙiya da ake sayarwa ƙasashen waje. Ƴan kasuwar garin suka shiga gasar aika katin zaɓe, kowa yana son a ji sunansa fiye da na ɗan'uwansa, har ya zama kusan ba a shiri ba a ambaci garin ba, har wasu Indiyawa suka ɗauka babu garin a duniya, ma'aikatan rediyo ne suka ƙirƙire shi. Wanda ya tashi yana jin Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna, da yadda ƴan zaɓe suka kafa ƙungiyoyi, da yadda ake jero sunaye daga Damagaram da Kumasi da Garwa da Inyamina kafin a saki waƙa, zai ga cewa ɗabi'ar ɗaya ce. Mu ma a nan katin zaɓe ya sada zumunci, ya sanar da na gida cewa matafiyi yana nan lafiya, ya kuma ƙulla auren da ba a ƙidaya ba. Ameen Sayani ya rasu a Fabrairun 2024 yana da shekara 91, ƴan kwanaki kaɗan kafin Pankaj Udhas.

Idan iyaka ta rufe

Akwai wani ɓangare na tarihin nan da ya fi shafar masu karanta wannan shafi. Kafin 1947, babbar murya a fim ɗin Indiya ita ce Noor Jehan, wadda ta fito a Anmol Ghadi na 1946, labarin yaro da yarinya da aka raba tun suna ƙanana. Da aka raba ƙasa ta koma Lahor, ta zama ƴar Pakistan, Lata Mangeshkar da ke tasowa a bayanta ta gaji fagen. Ba su zama kishiyoyi ba. Sun ci gaba da zumunci ta tarho, kuma ana ba da labarin cewa a farkon shekarun 1950 sun yi mahaɗa a Wagah, tsakanin Amritsar da Lahor, a ɗan filin nan da ke tsakanin shingen ƙasashen biyu wanda ba na kowa ba, tun da babu wadda take da takardar shiga ƙasar ɗaya. Sai a 1982 Noor Jehan ta sake taka Bombai, bayan shekara 35.

Bayan yaƙin 1965 Pakistan ta haramta nuna fina-finan Indiya a gidajen silima, ba a sassauta sosai ba sai a 2008, aka kuma sake rufewa a 2019. To amma ba a sa wa iska shinge. Mutanen Lahor da Karaci sun ci gaba da kama Rafi da Lata a rediyo, daga baya a kaset ɗin da ake shigowa da su ta Dubai, haka su ma Indiyawa suna jin Noor Jehan da Mehdi Hassan. A 2004 Yash Chopra ya yi Veer-Zaara, labarin sojan saman Indiya da ya yi shekara 22 a kurkukun Pakistan saboda kare mutuncin yarinyar da yake so. Da ya tashi neman kiɗan da zai dace da jira irin wannan, bai ɗauki na zamani ba, sai aka tono tsofaffin karin waƙar da Madan Mohan ya bari bai yi amfani da su ba kafin rasuwarsa a 1975, ɗansa ya gyara su, Lata kuma, ta haura shekara 70 a lokacin, ta rera.

Mu ma mun ga namu. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, ba a buɗe ba sai a Maris na 2024, aka kuma yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, har cajin salula ya zama aiki. An yi ta lissafin asarar albasa da tumatir da dabbobi, da motocin da suka yi layi, kuma lissafin gaskiya ne. Abin da ba a lissafa ba shi ne mai mata a Katsina da shago a Maraɗi, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba, da saurayin Illela da aka sa wa rana da yarinyar Ƙonni, da wanda aka yi wa haihuwa aka yi suna bai ga jaririn ba. Mai ƙarfin hali ya bi ta daji a kan babur ya biya ninkin kuɗi, wanda ba zai iya ba sai ya koma ga salula.

Me ya sa kunnenmu ya karɓe su?

Fina-finan Indiya sun shigo ƙasar Hausa ne ta hannun ƴan kasuwar Labanan masu gidajen silima, tun wajen shekarun 1950, suka kuma kori na Amurka daga zukatan ƴan kallo. Mother India na 1957 ya yi shekaru aru-aru ana maimaita shi a Kano ana cika silima. Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi. Daga ƙarshen shekarun 1970 gidajen talabijin suka kai su har cikin ɗakunan matan aure, kaset kuma ya kai waƙoƙin ko'ina mota take zuwa. Masu bandiri a Kano har suka riƙa ɗora baitocin yabo a kan karin waƙoƙin, abin da ya jawo muhawara tsakanin malamai, kamar yadda har yau akwai masu ganin sauraren kiɗan ma bai dace ba. Wannan muhawara ta malamai ce, mun bar musu.

Dalili ɗaya na karɓuwar shi ne harshe. Marubutan waƙoƙin dauri yawancinsu masana Urdu ne, Urdu kuwa cike yake da kalmomin Larabci, irin waɗanda mu ma muka ara. Idan mawaƙi ya ce duniya, duniya yake nufi. Zamana zamani ne, jawab jawabi ne ko amsa, khabar labari ne, dua addu'a ce, nasib nasibi ne, kalam alƙalami ne, shauk kuma shauƙi. Mai saurare yakan tsinci kalma biyu ko uku, muryar mawaƙin ta cike masa sauran.

Dalili na biyu, wanda a ganinmu ya fi ƙarfi, shi ne kunya. Bahaushe mai gemu, mai ƴaƴa biyar, wanda ke ciniki na miliyoyi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, da wuya ya buɗe baki ya ce wa uwargidansa yana kewarta. Abin da zai iya shi ne ya tambayi lafiyar yara, ya tambaya ko hatsi ya ƙare, ya ce a gaida su Inna. Ita ma ba za ta faɗa ba, ba ta ko kiran sunansa. Masoyan tsofaffin fina-finan Indiya su ma haka suke, akwai iyaye a tsakani, akwai surukai, akwai nauyin baki, shi ya sa idan magana ta gagara sai waƙa ta karɓa. Kasancewar waƙar cikin baƙon harshe ma wani rufin asiri ne: an faɗa, kuma ba a faɗa ba. In yara suka ji, waƙar Indiya ce kawai Baba ya turo.

A san abin da ake turawa

Tun da wayar salula ta shigo Nijar da Najeriya a 2001, hanyar saƙo ta yi ta sauyawa. Da fari filashin ne, a buga a katse, ma'ana ina nan, na tuna da ke. Sai aka zo zamanin memori, inda ake zuwa wajen masu kwamfuta a bakin tasha a cika shi da waƙoƙi a ba direba ya kai gida tare da kuɗin cefane. Yanzu kuwa ta WhatsApp ake tura waƙa daga Agadas ko Sabha ko Abijan, ta isa kafin a ajiye wayar. Ɗan kasuwar iyaka da layi biyu yake yawo, na nan da na can. A Indiya ma tsofaffin waƙoƙin ba su mutu ba: a 2017 kamfanin Saregama ya fito da wani akwati mai kamar rediyon da, mai suna Carvaan, da waƙoƙi 5,000 a cikinsa har da muryar Ameen Sayani, ƴaƴan da ke aiki a birane da ƙasashen waje suka yi ta saya wa iyayensu.

Amma sauƙin turawa ya zo da nasa haɗari, domin daɗin kari ba shi ne ma'ana ba. Alal misali, a Sangam ɗin nan da muka ambata, akwai waƙar da Mukesh ya rera, Raj Kapoor na zaune gaban fiyano. Tana da sanyi ƙwarai, amma daga farkonta har ƙarshe zargin cin amana ne ga aboki da masoyiya. Wanda ya tura wa matarsa ita daga Kwatano, idan aka samu ƙanwarta mai kallon fassarar Algaita ta warware mata, to, ya tanadi bayani. Shahararriyar waƙar Lata a Woh Kaun Thi na 1964, wadda Madan Mohan ya tsara, ta masoyan da ke ganin wataƙila wannan ce haɗuwarsu ta ƙarshe a duniya ce, ba abin da za a tura wa mai ciki wata takwas ba ne. Ta Rafi a Neel Kamal na 1968 da ke sa mutane hawaye, uba ne ke sallamar ƴarsa zuwa gidan miji. Wasu kuma waƙoƙin bauta ne na addinin Hindu: fitacciyar waƙar Baiju Bawra na 1952 roƙo ce ga abin bautarsu, duk da cewa wanda ya rubuta ta, Shakeel Badayuni, da wanda ya tsara kiɗan, Naushad, da wanda ya rera, Rafi, dukansu Musulmi ne. Yau da ake da masu jin Hindi a Kano da Maraɗi da Damagaram, da fassarori birjik a intanet, tambaya ba ta da wuya.

Sa'annan matan da aka bari a gida suna da nasu ƙorafin, kuma muna ganin suna da gaskiya. Waƙa ba ta biyan kuɗin makaranta, ba ta sayen magani, ba ta kuma amsa tambayar da wasiƙun sojojin Border ke yi. Mijin da ke turo Lata kowane dare amma wata uku bai faɗi ranar dawowa ba, ko aka ji ƙishin-ƙishin ya yi sabon ɗaki a Legas, waƙar tasa takan koma abin haushi, a goge ta ba a saurara ba. Su kansu mawaƙan ba su ɓoye wannan ba: matar Bidesiya ba saƙo take nema ba, mijin take nema, wasiƙar Naam kuma cewa take yi a dawo gida ko da ba a tara komai ba.

Wani abin da ya sauya shi ne wanda ke jiran. A tsofaffin waƙoƙin kusan kullum mace ce a bakin ƙofa, namiji a hanya. A kasuwanninmu na yau kuwa hajiyoyi nawa ne ke zuwa Dubai da Kwatano da Lome sarin atamfa da leshi da kayan ɗaki, su yi mako biyu ko uku, maigida yana gida da yara yana duba waya? Irin waɗannan magidanta ba su rasa nasu rabon ba, domin Mukesh, wanda shi kansa a kan hanya ya rasu, a birnin Detroit na Amurka a 1976 yana rangadin waƙa, ya bar musu waƙoƙin namiji mai jira da za su cika memori guda, haka ma Rafi da Talat Mahmood.